Bindigar Iskar Baba

Haɗeja,
8 ga Janairu.

Zuwa ga yayana Abdulmannan, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Adila, kamar yadda muke a nan. Yaya aikin gadi? Baba da Iya Gumsu suna gaishe ka. Ƙanwarmu Ummussalma ta ce takalmin ya matse ta amma ta gode.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya. Tunda ka ce kada a yi zancen abin nan a waya, na zauna a rumfar faci na rubuta. Auta direba zai taho maka da ita in ya yi lodin kifi.

Saƙo ya iso cikin buhun garin kwaki. Na ga bindigar, da ƙwallayen barkonon da take harbawa, masu kama da 'ya'yan kurna, da 'yan kwalaben ƙarfe na iska guda biyar, kowace tsawon yatsa. Takardar da ke ciki ba mu iya karanta ta ba, hotunan muka bi.

Ka yi daidai da ka damu. Ɓarayin injin ban ruwa sun matsa wa fadama bana. Satin da ya wuce sun ɗauke na Malam Adamu da rana tsaka. Da rawaninsa suka ɗaure shi a gindin giyayya, suka ɗora injin a babur. Ba su taɓa lafiyarsa ba, har butarsa suka matso masa da ita kusa.

Mun gwada bindigar a bayan gida. Na murɗa kwalba ɗaya a gindinta har ta huje, na ji ta yi fis. Baba ya auna katanga daga taku goma. Harbin farko ya yi ƙarfi, har ƙasa ta zubo. Daga na shida ta fara sanyi, na tara kuwa a ƙasa ya faɗi bai kai katangar ba. Sai iska ta juyo mana da barkonon. Yaya, da ka ga yadda muka yi! Baba yana tari yana dariya, awakin Ummussalma suna atishawa, Iya tana ta faɗa daga madafa wai mun ƙona mata ido a gidanta.

Na daɗe ban ga Baba da fara'a irin ta ranar ba. Ya ce rabonsa da riƙe bindiga tun da aka hana farautar agwagi a Baturiya ya sayar da adakarsa. Ya sa na ɗura masa kwalba ta biyu, ya naɗe bindigar a tsumma ya jefa a jakarsa ta gona. Sauran ukun suna cikin kwanon sha na Iya, wanda ba a taɓawa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, ba kuma raina kyautarka nake yi ba. Shekarata tara ina faci, ban taɓa ganin abin da aka ɗura wa iska ya riƙe ta har abada ba. Sabuwar taya ma in ka jingine ta, wata biyu za ka tarar ta saki. Kwalbar nan kuwa tunda aka huda ta, 'yar roba ce kamar ƙwayar gero take tsare da iskar. Ka tambayar min mai sayarwa, kwana nawa take yi a ɗure?

Na biyu, ta yi kama da ta gaske fiye da kima. Wanda ya hango ta ba zai ce barkono ne a ciki ba.

A gaida Adila. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Muttaka.

Haɗeja,
2 ga Fabrairu.

Yaya Abdulmannan,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai ciwon gwiwar Iya da ya motsa. Shinkafa ta yi kyau, ta rufe ruwa, sai dai ciyawar kacalla ta sake toshe hanyar ruwan, kwana biyu muka yi muna sara.

Auta ya isar min da amsarka da baki. Ya ce ka ce mai sayarwa ya rantse tana shekara a ɗure, kuma in daina neman aibu a abin da ban sani ba. Na ji, ban kuma ji haushi ba. Amma bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ranar Talata na je gona gyaran tiyo. Da Baba ya ta da sallar azahar, na zaro bindigar daga jakarsa, na yi mata abin da nake yi wa bawul ɗin taya, na shafa yawu a inda kwalbar ta haɗu da bindigar. Na ƙirga har ashirin, sai ga kumfa ta taso, 'yar ƙarama, ta fashe, wata ta biyo ta. Tana yoyo, Yaya. A hankali ne, amma tana yi.

Na kuma gano dalili. Baba yana yi mata irin riƙon da ya yi wa adakarsa. Duk Juma'a da safe sai ya goge ta da baƙin man inji, ya ɗiga mata a kowace kafa. Adaka ƙarfe ce da itace, mai take so. Wannan kuwa ranta a roba yake, kuma ba abin da ke cinye roba kamar baƙin mai. Kullum ina ganin haka a rumfa.

A hanyar dawowa na lallaɓa na ce masa, Baba, ina ganin iskar nan ba ta zama, ko a riƙa barin kwalbar a waje sai za a yi amfani da ita? Ya ce ɓarawo zai tsaya ya jira shi ya gama murɗe-murɗe ne? Ya ce adakarsa ta yi wata takwas a ɗure, ranar da ya ɗana ta kuma ta tashi, balle abin da ɗansa ya sayo a birni. Na ce to a bar sa mata mai. Sai ya yi dariya ya ce, kai mai faci, komai a idonka taya ne. Kolo, maƙwabcin gonarmu, yana bayanmu ya taya shi dariya. Ka san Baba, in ya rufe magana da dariya ta rufu.

Ga abin da ya fi damuna. Ka tuna tsarin su Baba, su shida masu gonaki a jere. Tare suke tafiya, tare suke dawowa, ranar Juma'a kuma mutum biyu ne suke zama wajen injina bi da bi, sauran su tafi masallaci. Tun kana gida ba a barin mutum ɗaya. To Baba ya tara su ya ce ba dalili mutum biyu su riƙa rasa Juma'a alhali Allah Ya kawo sauƙi. Ya ce shi zai riƙa zama shi kaɗai har a yi girbi, ya buɗe musu jaka suka leƙa. Kolo ya ɗan ja, ya ce ko da bindiga biyu sun fi ɗaya. Baba ya ce masa, tafi ka yi sallarka, ka roƙa min. Suka yi ta sa maka albarka.

Ba girman kai ba ne, tausayinsu yake ji. Amma da, abin da ke tsare Baba mutum ne a gefensa. Yanzu abin da ke cikin tsumma ne, ni kuma na ga kumfa.

Don Allah ka kira shi da kanka. Ba sai ka ambaci sunanta ba, ka ce masa kawai kada ya zauna shi kaɗai. Maganarka tana shiga kunnensa fiye da tawa. In kuma akwai irin robar nan a can, ka aiko da ita.

Iya ta ce a tuna maka da man zafin.

Naka,
Muttaka.

Haɗeja,
11 ga Maris.

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da Adila, da jikin nata. Allah Ya sauke ta lafiya. Nan zafi ya fara, tsuntsayen jan baki sun sauka a fadama, kullum Ummussalma tana can tana kaɗa gwangwani har muryarta ta dishe.

Na ji ka kira Baba. Ya ce kun gaisa, ka tambaye shi saƙo yana aiki, ya ce ƙwarai, ka ce madalla. Ban ga laifinka ba, ni ma da nake gabansa bakina nauyi yake.

Akwai abin da na yi wanda ban faɗa wa kowa ba. Kwana huɗu bayan takardata ta baya na sake duba bindigar, ban ga kumfa ba. Na fara murna, sai na tuna tayar da ta gama sacewa ita ma ba ta kumfa. Na zagaya bayan kacalla na ja kunamar. Babu komai. Ashe Baba ya yi Juma'a guda yana gadin injina shida da fankon ƙarfe.

Da na kai masa ita a lokacin na ja kunamar a gabansa, da magana ta ƙare. Amma su Kolo suna wurin, kuma da safen nan ya gama ba su labarin yadda ka zaɓo ta. Na kasa. Na koma gida na ɗauki sabuwar kwalba a kwanon Iya na ɗura, na mayar da fankon cikin kwanon don lissafi ya cika. Na ce a raina, in dai kullum da iska a cikinta ai shi ke nan, ba wanda ya ji kunya.

Waccan ta yi kwana goma sha biyu. Na sake sa wata, ta yi bakwai, domin robar ta kumbura ta yi laushi kamar danƙo. Na yanka wata robar daga tsohon tiyub, ta ƙi zama. Na aika Kano, an ce ba a san ta ba. Jiya na ɗura ta ƙarshe. Yanzu duk ukun da ke cikin kwanon fanko ne. Shekaranjiya na ga Baba ya buɗe ya ƙirga su da yatsa ya rufe.

Juma'a biyu na rufe rumfa na je na zauna da shi. Ta farko ya ƙyale ni. Ta biyu ya ce shi ya ɗauke wa mutane rashin Juma'a, ba zai ɗora wa ɗansa ba, in ya sake ganina ranar zai saɓa min. Ban taɓa jin ya yi min wannan kalmar ba.

Saura kamar sati uku a yanke shinkafa. Da an kwashe injina an kai gida zan zauna in faɗa masa komai, mu biyu, ba idon kowa. Auta ya ce ka yi alkawarin ƙarin kwalabe ƙarshen wata. In da hali kada ka jira ƙarshen wata.

Ka sa mu a addu'a. Abinci ma ba ya min daɗi kwanan nan.

Ƙaninka,
Muttaka.

Haɗeja,
1 ga Afrilu.

Zuwa ga Yaya Abdulmannan.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ummussalma ta faɗa maka a waya cewa Baba yana asibiti kuma da sauƙi. Gaskiya ne, yana cin abinci, yana magana. Sauran da ba a faɗa a waya ba shi zan rubuta, ka karanta a zaune.

Ranar Juma'a 24 ga Maris, ana cikin huɗuba, mutum uku suka ɓullo ta busasshiyar hanyar cikin kacalla a kan babura biyu. Baba yana ƙarƙashin rumfar kara. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce babbansu har sallama ya yi, ya ce, tsoho, yi zamanka, ba wajenka muka zo ba. Ya ce da a bara ne da ya zauna, kamar yadda Malam Adamu ya zauna. Amma sai ya sa hannu a jaka.

Da suka gan ta, biyu suka watse cikin shinkafa. Na ukun yana kusa, ba inda zai gudu, kuma da adda a hannunsa. Baba ya auna ƙirjinsa ya ja kunama. Ya ce ko ƙarar buɗe lemon kwalba ba ta yi ba. Ya sake ja. Shi kuwa mutumin bai san barkono ba ne, bai san fanko ba ce, ya ɗauka ransa ake nema. Ya kai sara a hannun da ke riƙe da ita.

Sun tafi da inji biyu. Kafin su tafi ɗaya ya ɗauki bindigar ya jujjuya, ya jefa ta a kwalbati. Su Kolo ne suka tarar da Baba bayan an sauko, ya ɗaure hannun da rawani da haƙoransa.

Likita ya ce ba za a yanke hannun ba, amma jijiyoyi sun tsinke. Yatsun ba za su sake dunƙulewa ba. Hannun dama ne, Yaya. Ba lauje, ba fartanya, ko loma sai an ba shi.

Kwana uku ina zaune a gefen gadonsa ban faɗa masa gaskiya ba. A rana ta huɗu Kolo ya zo dubiya, sai na ji Baba yana ce masa laifin kansa ne. Wai ya yi sakaci, wata biyu da rabi bai sake kwalba ba, ga guda uku sababbi a ajiye a kwanon matarsa. Ya ce yaron nan ma ya faɗa min, na mayar da shi abin dariya. Kolo yana ba shi haƙuri, ni kuwa na tashi na fita.

Na je gida na ɗauko kwanon. Na jira aka watse, na zuba masa su uku a tafin hagu, na juya bakin kowace na nuna masa hujin. Na faɗa masa komai, tun daga yawun da na shafa har ranar da na ɗura ta ƙarshe. Na ce kwana goma sha huɗu ta yi kafin ranar, kuma na san ba za ta wuce biyar ba.

Ya daɗe yana jujjuya su. Sai ya ce, sau nawa? Na ce uku. Ya ce, kana kallona ina ƙirga su? Na ce e. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, Muttaka, da ka kunyata ni sau ɗaya a gaban Kolo, da yanzu da hannuna nake cin tuwo. Ya juya fuska bango.

Tun ina yaro ake yabona da haƙuri, kai ma kana faɗa. Ban san ranar da haƙurin ya zama tsoro ba. Na iya gano yoyon da ido ba ya gani, amma na kasa buɗe baki a gaban mutum biyar.

Da la'asar ya kira ni ya ce in zan rubuta maka, in ce ta tashi, shi ne hannunsa ya yi rawa ya kuskure. Ya ce ka yi wata uku kana tsuke bakinka kafin ka saye ta, ga Adila da tsohon ciki, kada a sa maka damuwa. Na ce to. Na zauna da biro kusan awa guda ina son in rubuta hakan. Amma irin wannan rufin ne na yi sau uku, na kuma ga inda ya kai mu. Ba ta tashi ba, Yaya. Baba bai kuskure ba. In ka zo ka ce masa na saɓa, zan ɗauka.

Ba na ɗora maka. Kai tsoro ya sa ka aiko, ni tsoro ya sa na ɓoye. Mai sayarwa kuma wataƙila a ɗaki mai sanyi ya gwada tasa, inda ba baƙin mai, ba kuma tsohon da zai sallami abokan zamansa saboda ita.

Su Kolo sun yi gayya sun yanke mana shinkafar, buhu ashirin da shida. Sun koma zaman mutum biyu. Ni na karɓi layin Baba, jiya na yi na farko tare da Kolo. Ba mu riƙe komai ba sai gora.

Kwalabe goma da ka aiko sun iso ranar Litinin, kwana uku bayan abin. Ga su nan na mayar wa Auta ban kwance ba, tare da bindigar, Kolo ya tsamo ta. Kada ka sake aiko da komai. In Adila ta sauka ka nemi izini ka zo da kanka, ko na sati ɗaya ne. In na kai masa loma yana karɓa, amma ba ya kallona, kuma tun ranar bai sake ce min mai faci ba. Wataƙila daga hannunka ya ci ya ƙoshi.

Iya tana gaishe ka. Allah Ya ba shi lafiya, Ya yafe mana.

Ƙaninka,
Muttaka.